Usur ɗin Malam Ilu Gadi

Ku matso kusa. Ke mai latsa waya, ajiye ta, don shari'a zan ba ku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A Nguru akwai wani dattijo, Malam Ilu Gadi. Shekara talatin ya yi yana gadin jirgin ƙasa tsakanin Nguru da Kano, zamanin da mata ke jiran jirgi da farantan kifi a ka, tasha ta cika maƙil da buhunan gyaɗa. Wayyo, wannan zamani! Da ya yi ritaya sai ya koma kiwon tantabaru. Da usur ɗinsa na aiki yake kiransu. Ya busa sau ɗaya, sai ka ji firrr, sun sauko tsakar gida.

Bayan rasuwar matarsa sai ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce in bai samu masu juya shi da gasa masa jiki kullum ba, da wuya ya ga damina. 'Ya'yansa uku ne, Larai, Sabo da Tanimu.

Larai, babbarsu, ita ta yi ta yawo har ta samo gidan kula da tsofaffi a Kano, mai ma'aikatan jinya. Ai kuwa gari ya ɗauka. Wai za ta jefar da ubanta kamar tsohon takalmi. Gwaggonsu ta tare ta a gidan suna ta ce, "Larai, ba ki ji kunya ba?" Ta ce, "Na ji, Gwaggo. Amma gara a zage ni yana raye." Har yau akwai gidajen da ba a amsa sallamarta.

To, an samu wuri, tsoho kuma ya ce ƙafarsa ƙafar Nguru, ba inda za shi. Likita ya yi kashedi kada a ɗauke shi da ƙarfi, jininsa zai hau. Sabo direba ne, baki gare shi kamar maroƙi. Ya sa masa tsohuwar hularsa ta aiki, ya durƙusa ya ce, "Baba, jirgin Kano zai tashi, babu gadi." Tsoho ya dube shi ya yi murmushi. Ya san wasa ne sarai, amma ya yarda. Sabo ya bi da shi hanyar da ta fi kusa da layin dogo, yana tsayawa a kowace tsohuwar tasha. Birniwa, Malam Madori, Ringim. Ko'ina tsoho ya ba da labarin wanda ya sani a nan, da wanda ya mutu. Tafiyar wuni guda ta ci kwana uku, amma ya isa lafiya.

Sai kuma ga wata sabuwa. A Kano ɗaki fes, gado mai laushi, tsoho ya juya wa bango fuska ya daina cin abinci. Kwana shida sai ruwa. Tanimu, autansu, ba ya magana sosai, amma ya lura hannun babansu mai lafiya yana lalubar usur duk la'asar. Ya koma Nguru. Ya san in aka kawo tantabara haka kawai, ana sakinta gida za ta koma. Sai ya zaɓi mace da namiji masu 'ya'ya biyu da ba su yi gashi ba, ya ɗauko su har da tukunyar da suke ciki, ya rungume ta a cinya tun daga Nguru. Ya roƙi masu gidan suka bari ya rataye ta a jikin darbejiyar bakin taga. Tsuntsayen suka zauna saboda 'ya'yansu. Da la'asar tsoho ya busa da ƙyar, suka sauko. Ya yi kuka, wallahi ni ma da aka ba ni labari sai da na share ido. Sannan ya ce, "Akwai kunu?"

Ya ga damina, ya ga wata. Ran nan ya tara su ya ce, "Na san ba zan sake ganin Nguru ba. Gida da gona, shari'a za ta raba muku. Wannan usur kuwa ba ya rabuwa, tsuntsayen nan busar mutum ɗaya suke sabawa da ita. Wanda ya riƙe ni a duniya shi zai riƙe shi." Ya ɗora shi a kan bargo. Ba wanda ya miƙa hannu.

Ba don Larai ba, da babu wurin zuwa. Ba don Sabo ba, da bai isa ba. Ba don Tanimu ba, da ya isa ne kawai don a yi masa sutura.

To, usur na kan bargo, tsoho na jira. A hannun wa za ku sa shi?