Yarinyar da ta ɗaga kai

Akwai wani maigida wanda yake alfahari da tarbiyyar 'ya'yansa, kuma ba a banza ba. Ya koya musu cewa in za su gai da babba su durƙusa, su sunkuyar da kai, su yi magana ƙasa-ƙasa. Duk unguwar da su ake misali.

Ana nan sai ya ɗauko gwaggonsa daga ƙauye, domin ta tsufa, ba mai kula da ita. Kowace safiya yaran sukan durƙusa a ƙofar ɗakinta su gaishe ta, ita kuwa ko uffan. Autarsu Briskila kaɗai ce takan matsa dab da tsohuwar, ta ɗaga kai, ta kafa mata ido, sannan ta yi gaisuwa. Uban ya kwaɓe ta, washegari ta sake. Abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Ran nan tsohuwar ta ɗaure kayanta, ta ce, "Ɗana, mai da ni gida. Gara in zauna ni kaɗai."

Maigidan ya ce a ransa, lalle rashin kunyar Briskila ne ya kore ta. Ya karyo tsumagiya, ya kira yarinyar. Har ya ɗaga hannu, sai ya dakata, ya ce, "Faɗa mini tukuna. Me ya sa kike kallon idon babba?"

Ta ce, "Baba, Kaka ba ta ji. Ran da kwano ya faɗi a bayanta ko waiwayowa ba ta yi ba. Bakin mutum take kallo. In mun sunkuya, ca take ba mu ce komai ba."

Sai ya tuna shi ma a sunkuye yake yi wa tsohuwar magana, ita kuma kunya ta hana ta faɗa cewa ba ta ji. Ya yar da tsumagiyar, ya tara yayyen yarinyar, ya ce, "Briskila, nuna mana." Sa'an nan shi da kansa ya durƙusa, ya ɗaga kai, ya dubi tsohuwar, ya ce, "Gwaggo, kin kwana lafiya?"

Ta fashe da dariya har da hawaye. "Lafiya lau! Ashe kana da baki!" Ta kwance kayanta. Tun daga ranar, kowane baƙo ya zo sai maigidan ya nuna Briskila ya ce, "Ga malamata."

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan nan mu ne, iyaye da masu koyar da yara. Abin da ya koyar mai kyau ne, kada kowa ya fita ya ce an hana durƙuso. Amma ana gaisuwa ne domin mutum ya san an girmama shi, yarinyar kuwa ta ga abin da manya ba su gani ba. Ni da yarinyar nake alfahari, ina kuma alfahari da uban da ya tambaya kafin ya buga. Ubangijinmu bai taɓa korar yara daga gabansa ba. Saboda haka, 'yan'uwa, in ɗanku ya kauce wa abin da kuka koya masa, ku ce masa, "Me ya sa?" Sa'an nan ku yi shiru har ya gama.