Faɗuwar Nicanor ta Goma

Ƙawata Eulalia, ajiye wankin nan ki saurara.

Akwai wani darakta a nan birnin Meziko, Don Evaristo Lugo, wanda finafinansa ke sa mutane dariya har da hawaye. Dokarsa ɗaya ce: ɗan wasan da ya faɗi ba ya motsi sai ya ji Don Evaristo ya ce, "Ya isa."

Cikin 'yan wasansa akwai Nicanor, siriri mai manyan kunnuwa, wanda faɗuwa ce sana'arsa. Wata rana ana ɗaukarsa yana faɗowa daga tsani, har sau tara ana maimaitawa.

"Maigida, gadon bayan nan nawa fa ba ni da na canji," in ji Nicanor yana murmushi.

"Kai Kunnuwa, faɗuwar tsofaffi kake yi mini. Hau."

A ta goma ƙeyarsa ta bugi dutse. Ya kwanta ido buɗe, yana jiran kalmar. Don Evaristo ya ga jinin, amma ya ga hoton ya yi kyau, sai ya yi shiru na'ura na ta ɗauka. Kafin a ɗaga Nicanor, rai ya yi halinsa.

Tsoro ya sa darakta ya ƙona hoton faɗuwar ta goma, ya sa ta tara a fim. Matar mamacin, Chabela, aka ce mata nan take ya cika.

Bayan shekara ashirin aka haska fim ɗin a gidan sinima da rana tsaka don karrama Don Evaristo. Chabela na zaune a layin bayansa.

Da aka zo wurin tsani, jama'a suka fashe da dariya. Shi kuwa Don Evaristo a idonsa hoton ya ƙi wucewa. Ga Nicanor kwance, jini na bin dutse, ya zuba masa ido. Sai ya ji murya dab da kunnensa.

"Maigida, in tashi?"

Tsohon ya san idan ya amsa, sunansa ya zube a gaban kowa. Muryar ta sake tambaya, a hankali, cikin ladabi.

Ya miƙe tsaye. "Chabela, ba nan take ya cika ba. Na ga jinin na yi shiru." Ya juya ga allon fim ɗin. "Ya isa, Nicanor. Ka yafe mini."

Idanun nan suka rufe.

Chabela ta gyara mayafinta. "Ni faɗuwar da na saba gani na gani, Don Evaristo. Amma na ji ka. Saura Allah."

Bai karɓi kyautar karramawar ba. Har ya mutu, duk Lahadi yana kai kyandir kabarin Nicanor.

Darasi: Kada daɗin aikinki ya rufe miki ido ga wahalar wanda ke ƙarƙashinki. Haƙƙin da aka ɓoye yana nan kwance yana jira. Ki isar da wannan ga duk mai iko da wani.

Sunayen dai ki bar su a cikinki, Eulalia, kada ki faɗa wa kowa. Chabela na nan da rai, bencinmu ɗaya a coci.