Littafin da Kullum Yake Cewa Uku

Akwai wata mata mai kula da ɗakin shan magani a wani ƙauye. Aikinta ne ta rubuta duk wanda ya zo da irin ciwonsa a babban littafi, ƙarshen wata kuma ta aika da adadin zuwa gari. Da wannan takarda ake auna maganin da za a aiko wa ƙauyen.

Amma matar nan ba ta yarda da mutanen gari ba ko kaɗan. Takan ce a ranta, "Waɗannan ba don Allah suke tambaya ba. In na ce marasa lafiya sun yi yawa, sai su ce ban iya aiki ba, su kawo 'yar'uwarsu." Saboda haka yara masu gudawa, ko goma ne ko ashirin, ita dai uku take rubutawa.

Da damina ta sauka, ruwa ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyar ƙauyen, gudawa ta ɓarke tsakanin yara. Ana nan sai ga mai duba aiki daga gari, ɗauke da magani. Ya yi ta buɗe littafin, ita kuwa tana satar kallonsa.

Ya ce, "Mama, wata bakwai, kullum uku? Har da damina?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ne ya tsare mu."

"Matan can da ke gindin mangwaro da yara a cinya fa?"

"Gaisuwa suka zo."

Ya rufe littafin. Sa'an nan ya ajiye maganin yara uku, ya wuce da sauran zuwa ƙauyukan da suka faɗi gaskiya. Matar ta yi ajiyar zuciya, wai ita ta tsira.

Kafin azahar magani ya ƙare. Kashegari 'yarta ta shigo da gudu, ɗauke da Rifkatu, jikar matar, idanun yarinyar duk sun faɗa saboda gudawa. "Inna, ki ba ta magani!" Matar ta zazzage kwali, babu komai. Kafin a kai yarinyar gari, rai ya yi halinsa.

Bayan an binne ta, matar ta buɗe littafin tana kuka. Ta soke uku, ta rubuta ashirin da bakwai.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai duba aikin nan kamar Ubangiji yake. Yana tambayarmu ne don ya warkar, mu kuwa muna zato tarko ne, muna cewa lafiya lau. Ku masu rubutu a asibiti, ku iyaye da ake tambayarku yara nawa ne ba su da lafiya, ku faɗi gaskiya. Haka kuma in kun durƙusa yin addu'a. Kada ku jira sai kun dawo daga makabarta kafin ku gyara littafinku.