Naman Cinya, Naman Zuciya da Naman Hanji

Ku samarin da kuke zama a bencin baya kuna naɗe hannun riga don a ga ƙwanjinku, da ku nake. Kuna wuce tsofaffin da suka share muku majami'a tun da sassafe, ko sannu ba ta fita daga bakinku. Ku rufe baki, ku buɗe kunne.

Akwai wani manomi wanda tsufa ya kama shi, sai ya bar wa babban ɗansa Irimiya sha'anin gona. Irimiya ƙaƙƙarfa ne, in ya kama kunya guda ba ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshenta. A gidan kuma akwai ƙanwar manomin, sunanta Rahila, wadda ta dawo wurin wanta bayan rasuwar mijinta. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke hura wuta tun kowa bai tashi ba.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, ciyawa ta rufe dawa, sai Irimiya ya kira gayya. Ana gobe za a fita, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa mahaifinsa, "Baba, bana wanda bai riƙe fartanya ba, ba shi da rabo a rumbu. Gwaggo ta koma wurin dangin mijinta su ci da ita."

Rahila tana tankaɗe, ta ji kowace kalma. Dangin mijin nan su ne suka kwashe komai suka sallame ta da tabarma guda. In ta bar gidan nan, ba ta da inda za ta sa kanta.

Tsohon ya ce, "Na ji. Gobe Rahila ta huta, ita da sauran matan gida. Kada a taɓa tulu, kada a hura wuta. Mu ga abin da fartanya za ta yi ita kaɗai."

Da gari ya waye samari ashirin suka shiga gona da ƙarfinsu. Rahila kuwa ta zauna a bakin ɗaki, hannunta ba abin yi. Ta dubi rana, ta dubi murhu. Da hantsi ya yi, zama ya gagare ta. Ta san in gayyar nan ta watse ba mai sake zuwa bana, dawa za ta mutu, yunwa kuma ba za ta tsallake ɗakin kowa ba. Ta miƙe ta jiƙa tsamiya.

Wanta ya ce, "Rahila, ba na ce ki huta ba?"

Ta ce, "Yaya, 'ya'yan mutane suna cikin rana. Hana ni in za ka iya."

Tsohon ya kau da kai. Sauran matan suka tashi, wannan ta ɗauki guga, wannan ta kama itace.

A gona kuwa rana ta take, ba ruwa, ba kunu. Wani cikin samarin ya ce, "Kai Irimiya, gayya ka kira mu ko azumi?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ƙarfi. Irimiya ya ƙara himma don ya kunyata su. Bai yi nisa ba tsokar ƙafarsa ta murɗe, ta ɗaure tamau kamar dutse. Ya faɗi cikin kunya yana riƙe da ƙafa yana salati da sunan Yesu. Samari suka fara saɓa fartanyoyinsu za su tafi gida.

Sai ga mata a jere bisa hanya, tuluna da ƙore a kai, Rahila a gaba. Samarin suka yi ihu, "Ga Gwaggo! Ga Gwaggo!" Suka sha har ciki ya ɗauka. Rahila ta durƙusa wurin Irimiya, ta ba shi ruwa da ɗan gishiri, tana murza masa ƙafa.

"Gwaggo..."

"Sha dai, sarkin ƙarfi. A hankali, kada ka ƙware."

Kafin rana ta faɗi an nome gonar kaf, har iyaka. Samari suka dawo da waƙa, mata suna guɗa, suka sa Rahila a tsakiya har ƙofar gida.

Kashegari tsohon ya yanka wa 'yan gayya akuya. Da Rahila ta dafa, ta ajiye wa Irimiya yanka uku a gaban jama'a. Ta ce, "Yaga wannan." Naman cinya ne, ya yage zare-zare. "Wannan irinka ne. Sai an ce ya tashi yake tashi, jiya kuma ka ga iyakarsa." Ya kama naman zuciya, ya ja, ya ƙi yagewa haka. "Wannan tun akuyar tana cikin uwarta yake aiki, ba wanda ya taɓa aikensa." Na uku hanji ne, sumul. "Wannan ko kallonsa ba ka so. Amma ciyawar da ta zama cinyar nan, ta wurinsa ta bi."

Ga ma'anar misalin, ku riƙe ta. Allah ya sa nama iri uku mai motsi a jikin kowannenku. Masu aikin asibiti suna da madubi mai ƙara girman ƙananan abubuwa, sun kuwa duba. Naman hannu da ƙafa zare ne dogaye, kwance gefe da gefe, da ratsi-ratsi a gicciye kamar ado. Yana da ƙarfi, amma sai mai shi ya umarce shi, kuma yana saurin gajiya. Naman zuciya shi ma yana da ratsi, sai dai zarensa gajeru ne masu rassa, kowane ya kama ɗan'uwansa gam, shi ya sa suke bugawa tare kamar mutum ɗaya. Ba ya jiran umarni, ba shi da ranar hutu. Naman hanji ba shi da ratsi ko ɗaya. Zarensa ƙanana ne masu tsini gaba da baya kamar ƙwallon dabino, suna matsa abinci a hankali, a ɓoye.

Ikilisiya jiki ce. Ku samari ku ne hannu, mun kuwa gode wa Allah dominku. Amma masu yi muku addu'a kowace safiya ba tare da an roƙe su ba, su ne zuciya. Masu shara, da girki, da wankin marasa lafiya, waɗanda ba a kiran sunansu a sanarwa, su ne hanji. Hannu ya karye, mutum yana rayuwa. Zuciya ta tsaya, sai a haƙa rami. Ubangiji yana ganin aikin da ba shi da ado, zai kuma ɗaukaka masu yinsa a gaban taro. Halleluya!

Irimiya kuwa bai tsira haka ba. A ranar da aka ci akuyar nan tsohon ya danƙa rumbun gidan a hannun Rahila, ya ce ba mai ɗiban ko ƙwarya guda sai da izininta. Ya kuma ɗora wa ɗansa ɗebo ruwan gida har kaka. Wata huɗu cur ƙaton nan yana layi a bakin rijiya tsakanin 'yan mata, tulu bakwai kowace safiya kafin ya tafi gona, har gashin tsakar kansa ya zube.