Dodon Koɗin da Ya Yi Zango Guda Bai Motsa Ba

An ce a makarantar garin Ruwan Tsamiya an yi wani hedimasta, Malam Barau. A ajin kimiyya akwai wata ƙatuwar kwalba da yara suka zuba wa ƙasa da gansakuka, suka saka tana da fara da dodon koɗi. Kowane mako malamarsu, Malama Tasalla, takan sa su zana abin da suka gani a ciki.

Da Malam Barau ya sayi waya mai kyamara, sai zane ya zame masa ƙauyanci. Ya ce a daina, a riƙa ɗaukar hoto. Malama Tasalla ta roƙe shi, ya ce in ta ƙara magana zai mai da ita ajin renon yara.

Yana ofis da hantsi yana shafa wayar, sai wata tsohuwar hawainiya da ke kan reshe a bakin taga ta juyo masa ido ɗaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, sabon takalmi ba ya hana tuntuɓe. Kada abin da ya sami Malam Ilu ya same ka."

Ya ce, "Me ya same shi?"

Hawainiya ta ce, "Malam Ilu malamin kimiyya ne a wani gari, yana da kwalba irin taku. Kullum da safe sai ya ɗauke ta hoto ya wuce, ko sunkuyawa ba ya yi. A ƙarshen zangon karatu sai mai duba makarantu, Hajiya Lantana, ta zo. Ya baje mata hotuna yana murmushi, ya ce, 'Hajiya, mun gano dodon koɗi ya fi kowace halitta haƙuri. Zango guda bai motsa ba.'

"Hajiya ta buɗe kwalbar ta ɗago shi. Ashe ɓawo ne fanko, mai shi ya daɗe da mutuwa, har kiyashi sun yi masa sutura. Ta ce, 'Malam, wannan haƙurin ai na lahira ne.'

"Kunya ta kama Malam Ilu, ya ce, 'Amma hoto ba ya ƙarya. Zane ne ke ƙarya.'

"Ta ce, 'Zane yakan yi, in mai shi ya so. Ba ka ji labarin Mati ba?' Ya ce bai ji ba.

"Ta ce, 'Mati mai zanen jikin motoci ne, hannunsa ba na biyu. Malamin gona ya kawo masa ƙwaron da ke cinye wake, ya ce ya zana don manoma su gane shi. Mati ya dube shi sau ɗaya, ya ga ɗan abu ne mummuna, ya ce wannan zai zubar masa da suna. Ya ƙara masa ƙaho, da fukafukai masu launi, da idon zaki. Manoma suka kwashe damina suna neman dodon, ƙwaron gaske yana cin wake a gabansu. Shi ya zana abin da bai gani ba, kai ka ɗauki abin da ba ka duba ba. Jirgi ɗaya ya kwaso ku.'"

Hawainiya ta juyo ɗaya idon, ta ce, "To ka ji, ranka ya daɗe. Hoto shaida ne, amma shaidar da ba a tambaya ba, ba ta magana. Fensir kuwa yakan tsare ido, don yaro ba ya zana ƙafar fara sai ya duba inda ta lanƙwashe. Kai da ka ɗauki taku kwalbar hoto, ina idon dodon koɗi yake?"

Malam Barau ya ce, "A fuska mana."

Ta ce, "Kai ma ka kusa shiga jirgin."

Ya buɗe hoton, ya ja shi ya ƙara girma, ya kasa gane gaba da baya. Sai ya tashi ya nufi ajin kimiyya. Ya ce, "Malama, na janye maganata. Su fara zanawa, sannan a ɗauki hoto a gwada, wanda ya ƙara wa fara ƙaho a kama shi."

Ya ja bencin yara ya zauna gaban kwalbar, ya ce a ara masa fensir.