Rijiyar Baba Sajo da Kwalbar Duba-Gari

Akwai wani dattijo a Garo, zamanin da gyaɗa ke tashe, ana kiransa Baba Sajo. Shanunsa sun ƙare, noma ya ci ƙarfinsa, abin alfaharin da ya rage masa rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ruwanta garau, har daga Kabo ake yabonsa.

To, a bakin rijiyar nan ake kakkaɓe buhunan gyaɗa a wanke su, masu farar hodar nan ta kashe ƙwari. Ruwan wankin kuwa nan yake tsumewa, ya koma cikin rijiyar.

Sai jikarsa Sabuwa ta fara ciwo, yau amai, gobe karkarwa. An sha saiƙo, an sha rubutu, shiru.

Ana haka Malam Musbahu duba-gari ya zo da kwalba wankakkiya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce a cika masa daga rijiyar, za a kai Kano a gwada.

Sajo ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya shiga gida ransa a ɓace. Shi za a ɗauki ruwan gidansa a kai birni a tona masa asiri? Ya zagaya ta baya, ya ciko kwalbar daga randar maƙwabciyarsa Marka, wadda ke ɗiba a wata rijiya can gangare.

Sakamako ya dawo, ruwa lafiya lau. Sajo ya yi ta faɗa a kasuwa. Yarinya kuwa ta ci gaba da shan abin da take sha, har hannunta ya daina riƙe moɗa.

Marka ce ta tare shi, don ta gan shi ranar da ya ɗiba a randarta. "Baba Sajo, ruwana aka wanke, ba naka ba. Kunyar za ka ji, ko likkafani za ka tanada?"

Washegari Sajo ya cika kwalba daga rijiyarsa da kansa, ya bi duba-gari a bayan motar gyaɗa, ya isa Kano jiki duk ya mutu.

A ɗakin gwaji, wani Malam Dalhatu ya juye ruwan cikin gilashi mai kama da gora, ya zuba wani ruwa mai wari kamar kananzir, ya yi ta girgizawa. Sajo ya tuna mahaifiyarsa tana kaɗa nono a ruga. Malamin ya ce ai kusan haka ne: dafin hodar ƙwarin ba ya son ruwa, sai ya gudu cikin wancan mai warin, su taso sama kamar man shanu.

Ya zubar da na ƙasa, ya ɗumama na sama har ya ƙafe saura ɗan kaɗan, ya bi shi da magunguna kala-kala. Abin ya juya shuɗi. Ya jera shi da wasu ƙananan kwalabe da aka san yawan dafin kowacce, daga mai haske zuwa mai duhu. Na Sajo can wajen masu duhun ya tsaya.

"Amma Malam, ruwan nan garau yake."

"Baba, ido ba ya ganinsa. Kaɗan-kaɗan yake taruwa a jiki. Da wancan karon wannan aka kawo..."



Sajo ya koma gida, bai nemi taimakon kowa ba, ya dinga ɗibar ƙasa yana cike rijiyarsa. Sabuwa ta rayu, Allah ya taƙaita. Sai dai har ta girma, in ta miƙo masa ruwa, rabi a ƙasa yake zubewa saboda rawar hannu. Shi kuma ya karɓa ya sha, kansa a sunkuye.

Darasi: Wanda ya ɓoye ciwonsa don kada a yi masa dariya, na kusa da shi ne ke biyan kuɗin kunyar. In masu gwaji sun nemi abu, a ba su na gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai irin rijiyar nan a gidansa.