Hannuwan Barmo

A zamanin da, tun ƙasar nan tana kurmi da gamba, babu hanya sai sawun giwa, an yi wani maharbi ana ce masa Barmo. Shi kaɗai yake zaune a bakin wani tafki mai cike da kadoji. Maharba suna yi masa kirari: Barmo na bakin ruwa, mai kibiyar da ba ta tashi a banza.

Al'adarsu ce a wancan lokaci, idan sanyi ya fara shigowa ciyawa ta bushe, a cinna wa daji wuta don namun daji su fito fili. Ranar Alhamis ta farkon sanyi Barmo ya ɗauki bakin wuta. Ya yi shekaru bai ga ɗan Adam a dajin ba, saboda haka bai tsaya zagayawa ya duba ba, ya cinna kawai.

Ashe wasu bayin Allah da fara ta cinye musu gonaki sun taso daga arewa, maza da mata, yara da tsofaffi, sun raɓe cikin gambar saboda sanyi. Wuta ta kama bal-bal. Barmo ya ɗana kibiya yana jiran gada, sai ya ji kukan jariri.

Ya yar da baka ya kutsa. Babu gatari a hannunsa, babu ruwa. Da tafin hannu ya riƙa tumɓuke ciyawa tana ci da wuta, har ya buɗe musu hanya zuwa tafkin. Tsofaffi sun ce kadojin nan da kansu suka ja gefe, mutane suka shiga ruwa har wuya, ba wanda aka taɓa. Rai ko ɗaya bai salwanta ba. Amma hannuwan Barmo, Allah sarki, yatsun sun ƙandare, ba su sake miƙewa ba.

Da suka fito suna sa masa albarka, sai ya ce, "Ku dakata. Ni na kunna ta."

Mazan suka fusata, don ɗan guzurinsu duk ya ƙone. Suka ce a tashi a bar shi, daji ya yi masa hukunci. Ba sai an ɗaga masa sanda ba: maharbin da ba shi da hannu, yunwa ma ta ishe shi.

Shugabar tafiyar wata tsohuwa ce mai suna Kyauta. Da yamma ta ga Barmo gaban ƙwaryar ragowar tuwonsa na jiya, yana ta ƙoƙarin ɗaukar loma tana suɓucewa. Ta durƙusa, ta gutsura, ta kai bakinsa.

"Ɗana, buɗe ka ci," in ji ta. "Ba inda za mu."

Nan suka kafa bukkoki, suka ciyar da shi a baki gida-gida har Allah ya karɓi ransa. Garin shi ne Tafkin Barmo.

Har yau, ranar Alhamis ta farkon sanyi ba a hura wuta a garin, komai ɗari. Manya suna azumi, liman ya ja addu'a a bakin tafki. Idan rana ta faɗi a fito da tuwon jiya mai sanyi, kuma ba mai kai lomar farko bakinsa da hannunsa. Wanda kuka ɓata da shi a shekarar, shi zai ba ka. Ni da idona na ga dattijai biyu, wa da ƙane, da suka daɗe ba sa ga-maciji. Wan ya miƙa loma, ƙanen ya buɗe baki yana hawaye.